Daga Amman zuwa Ƙudus ta ƙasa da jakar baya: wa ya taɓa bin hanyar nan?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sa hoton nan na ƙubba mai ruwan zinare ake ta bi na ta bayan fage ana tambaya, ya aka yi ka shiga, nawa ka kashe. Gara in faɗa a nan kowa ya ji. A 2022 na je, lokacin ina karatu a Amman. Ban bi jirgin yawo ba, ban bi ayari ba. Jakar baya ɗaya ce, riguna uku, sallaya, da fasfona na Najeriya. Biza na nema tun daga Amman, na yi makonni ina jira kafin ta fito.

Da asuba na hau bas zuwa Gadar Sarki Husaini, wadda ɓangaren Isra'ila ke kira Allenby. Tafiyar kamar awa ɗaya ce, gangara zalla, har kunnenka ya toshe, domin wajen yana ƙasa da tekun duniya, kusa da Ariha da Tekun Gishiri. Ka biya dinari 10 kuɗin fita, ka hau wata bas ɗin da ke tsallakar da mutane, don ba a tsallakawa da ƙafa. Kogin Urdun da muke ji a littattafai, wallahi da ban leƙa da kyau ba da ban gan shi ba, ruwan ya janye ƙwarai. A ɗaya gefen aka karɓi jakata, aka tambaye ni sunan mahaifina, sunan kakana, wa na sani a can, ina zan kwana. Na zauna kusan awa huɗu kafin a miƙo mini fasfo da wata 'yar takarda shuɗiya a ciki. Daga nan ƙaramar bas ta haya ta hau da mu tudu ta sauke mu kusa da Babul Amud, ɗaya daga ƙofofin ganuwar Ƙudus. Tazarar da mota za ta cinye cikin awa biyu ta ci mini yini guda.

Abba Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi haƙuri, amma ni tun daga jimlar farko na tsaya. Ka ce ka nemi biza. A hannun wa? A hannun wanda ya mamaye wurin. Kai ka je ka roƙi izinin shiga masallacinka a wajen wanda ya tsare ƙofarsa, alhali Bafalasɗinen da ke Gaza, wanda tsakaninsa da masallacin bai kai Kano zuwa Zariya ba, zai iya tsufa ya mutu bai taɓa sa goshinsa a can ba. Ni zuciyata ba ta ɗauka.

Hajiya ta Kumasi: Abba ɗana, bari ya gama ba mu labari tukuna. Ba a yanke wa mai magana hanzari.

Ɗan Gwale: Na gode Hajiya. Abba, zan dawo kan maganarka, ba zan tsallake ta ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar garin. Duk tsohon birnin da ke cikin ganuwa bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Ɗan Kano da ya saba da faɗin badala zai ce unguwa ce. Ganuwar ta dutse ce, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sulaiman, ya gina ta tsakanin 1537 da 1541. A ciki akwai unguwar Musulmi, ita ce mafi girma, da ta Kirista, da ta Yahudawa, da ta Armeniyawa. Amma babu katanga a tsakaninsu. Kana cikin lungu ana sayar da zaitun da kayan yaji, ka karya kwana sai ka ga gicciye a kan ƙofa, ka ƙara gaba ka ga yara masu 'yar hula da gashi a gefen kunne suna tafiya makaranta.

Na sauka a wani ɗan masauki cikin unguwar Musulmi, ɗaki ɗaya gadaje takwas. A ɗakin akwai wani ɗan Koriya da ya zo bin sawun Annabi Isa, da wasu samari biyu daga Turkiyya. Dalilin da ya sa na zaɓi cikin ganuwa, ko da banɗakin haɗaka ne, shi ne sallar asuba. Minti biyar ka isa ƙofar Harami, wato filin Masallacin Aƙsa. A ƙofa 'yan sanda za su tsayar da kai, su tambaya ko kai Musulmi ne, wani lokaci a ce karanta Fatiha. Ciki kuma ma'aikatan Waƙafi ne, hukumar da ke kula da masallacin, waɗanda ke ƙarƙashin Jodan.

Malam na Damagaram: Madalla. A nan ina son in yi gyara ga masu ganin hoto. Ƙubbar zinaren nan da kowa ke sawa, sunanta Ƙubbatus Sakhra, Abdulmalik ɗan Marwan ya gina ta, aka kammala wajen shekarar 691 miladiyya. Ginin da liman ke tsayawa, mai ƙubba ruwan toka, yana can kudu, ana ce masa Masallacin Ƙibli. Amma Aƙsa sunan dukan filin ne da abin da ke cikinsa, kusan murabba'in mita 144,000. Duk inda ka yi salla a cikin katangar, a Aƙsa ka yi.

Ɗan Gwale: Haka ne, Allah gafarta Malam. Ni ma sai da na je na fahimta. Akwai ma wajen salla a ƙarƙashin ƙasa, Marwani, mai ginshiƙai jere kamar kurmi. Kuma bayan katangar gabas akwai maƙabartar Babur Rahma, inda kaburburan sahabbai biyu suke, Ubadatu ɗan Samit da Shaddadu ɗan Ausi. Na daɗe a tsaye a wajen.

Maman Rifkatu: Salama gare ku duka. Ina karantawa tun ɗazu, kuma gaskiya ɗana ka tuna mini abubuwa. Ni na je Urushalima a 2014 tare da ayarin hukumar masu ziyara ta Kirista, muka sauka ta jirgi a Tel Aviv. Mun je Nazarat, mun je Tekun Galili, mun je Baitalami, mun hau Dutsen Zaitun. Na dawo har ana ƙara mini JP, wato wadda ta ziyarci Urushalima, a bayan suna. Amma abin da ke damuna har yau shi ne, daga bas sai otal, daga otal sai bas. Mai jagora ya ɗaga tuta, mu bi shi, ya ce minti ashirin, mu yi addu'a mu fito. Ban zauna da mutumin garin ko ɗaya ba. Sai a rana ta ƙarshe, a wani shago a unguwar Kirista, na ji mai shagon, da gicciye a wuyansa, yana cewa "Alhamdulillah", yana cewa "Insha Allah". Na ce ashe kamar mu Kiristan Hausa, Allah suke cewa. Ya ce mini kakanninsa a lungun nan aka haife su, amma yaransa duk sun tafi ƙasashen waje. Hawaye suka zo mini. Mu muna zuwa kallon duwatsu, masu wurin kuma suna ƙarewa.

Ɗan Gwale: Mama, kin taɓo inda nake son zuwa. Na shiga babbar majami'ar, wadda Larabawa ke kira Kanisatul Ƙiyama, inda Kirista ke cewa kabarin Yesu yake. Kin san wa ke riƙe da makullinta? Gidan Musulmi ne, zuriyar Juda, su ke ajiye makulli, wani gidan Musulmin kuma, zuriyar Nusaiba, su ke buɗe ƙofa da rufewa. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana haka. Na tsaya da daddare na ga mutumin ya hau ɗan tsani ya kulle ƙofar daga waje, aka mayar da tsanin ciki ta wata 'yar taga.

Maman Rifkatu: An faɗa mana. Kuma dalilin ba abin alfahari ba ne a gare mu. Ɗariƙu shida ke raba ginin, Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habasha da Suriyawa, kowa da kusurwarsa da lokacinsa. Akwai wani tsanin katako a ƙarƙashin taga a waje, tun ƙarni na 18 yake nan, don ba mai ikon matsar da shi sai duka sun yarda. 'Yan Habasha kuwa a kan rufi suke zaune, cikin ƙananan ɗakuna kamar na ƙauye. Ka hau wajensu?

Ɗan Gwale: Na hau, Mama. Deir Sultan. Shi ne wuri mafi shiru da na samu a duk garin. Wani tsohon limaminsu baƙi kamar ni ya ɗaga mini hannu, ba mu da harshe ɗaya, muka zauna a inuwa kawai. Kuma kina fitowa daga harabar majami'ar ga Masallacin Umar a gabanki. Labarin da aka sani shi ne Sayyidina Umar ya ƙi yin salla a cikin majami'ar don kada Musulmi su mayar da ita masallaci bayansa.

Abba Sabon Gari: To ai kun gani. Wannan ne abin da nake tsoro. An fara labarin makulli da tsani da zaman lafiya, kamar garin wani lambu ne da kowa ke murmushi. Yaya, ka je bangon da Yahudawa ke addu'a? Filin nan mai faɗi da ke gabansa, unguwa ce da, Unguwar Magariba, an rushe ta cikin kwanaki kaɗan a watan Yunin 1967, aka kori mutanenta. A 1969 aka sa wa Masallacin Ƙibli wuta, mumbarin Salahuddin ya ƙone. Shehu Ƙaradawi har ya rasu yana kan fatawarsa cewa wanda ba Bafalasɗine ba kada ya je alhali wurin na ƙarƙashin mamaya. Kuma Mama, ba Musulmi kaɗai ba, Fafaroma Shenuda na Kibɗawan Masar shi ma ya hana mabiyansa zuwa shekaru da yawa.

Malam na Damagaram: Abba, abin da ka kawo gaskiya ne, amma rabin zancen ne. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya ce ba a ɗaura sirdi don ziyara sai zuwa masallatai uku, na Makka, na Madina, da Aƙsa. A kan wannan ba saɓani. Saɓanin a kan halin da ake ciki ne. Shehu Ali Juma'a, yana Muftin Masar, ya je a 2012 ta hanyar Jodan, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas ya sha kiran Musulmi su zo, hujjarsa ita ce ziyarar ɗan kurkuku ba goyon bayan mai gadin kurkuku ba ce. Masu hanawa kuma suna cewa kowane hatimi da ka karɓa amincewa ce. Duka ɓangarorin malamai ne masu kishin wurin. Ni ba zan ce wa wanda ya je ya yi laifi ba, ba zan ce wa wanda ya ƙi ya yi sakaci ba.

Ɗan Gwale: Abba ƙanena, na je bangon, na tsaya daga baya na kalla. Na ga wani tsoho yana kuka, goshinsa a jikin dutse, kuma kukan gaske ne, ba zan ce ba haka ba. Na kuma san abin da ke ƙarƙashin filin da na taka. Ban ga lambu ba. A kowace mararraba akwai matasa da bindiga. Na ga an jingina wani yaro da bango ana lalube shi, bai wuce sa'an ƙanena ba. Na ga gidaje cikin unguwar Musulmi da aka kafa wa tuta a sama, da masu gadi a ƙofa. Na je Halil, inda Masallacin Annabi Ibrahim yake, na tarar an raba shi biyu tun bayan kisan 1994 da aka yi wa masallata 29. Sai ka bi ta ƙofar ƙarfe mai juyawa kafin ka shiga.

Amma ga abin da ya sa ban yi nadama ba. Wani mai gasa ka'ak, burodin nan mai riɗi da ake ci da za'atar, da ya ji daga inda na fito, ya ƙi karɓar kuɗina kwana biyu. A rana ta uku na matsa, sai ya ce idan ina son in biya shi, in koma in gaya wa mutanenmu su zo su cika sahu, su kwana a cikin gari, su sayi abinci a hannunsu. Shi ya sa nake ganin tambayar ba ta tsaya kan "ka je ko ba ka je ba". A ina ka kwana? Wa ya ci kuɗinka? Da wa ka zauna? Mai jakar baya yana da wannan zaɓin, wanda ke cikin bas ɗin ayari sau da yawa ba shi da shi.

Abba Sabon Gari: Mai burodi ɗaya ba shi ne Falasɗinawa duka ba, Yaya. Akwai waɗanda za su ce maka kada ka zo.

Ɗan Gwale: Akwai, kuma na haɗu da ɗaya a Ramalla. Bai ɓoye mini ba.

Jikan Maiwurno: Salamu alaikum daga Sudan. Ni tambayata daban ce. Kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Tsofaffinmu suna cewa a da, wanda ya sauke farali a Makka, idan da sauran ƙarfi, yakan wuce Ƙudus ya cika ziyara, wasu kuma ba su dawo ba. Da gaske akwai jikokinsu a can?

Ɗan Gwale: Ɗan uwa, wannan ce ranar da ba zan manta ba. Dab da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Harami, akwai tsofaffin gine-gine biyu suna kallon juna, Ribaɗul Mansuri da Ribaɗ Ala'uddin. Tun zamanin sarakunan Mamluk na Masar aka gina su, a ƙarni na 13, don saukar baƙi masu ziyara. Daga baya Turkawa suka mayar da su gidan yari. Yanzu a nan 'yan asalin Afirka suke zaune, waɗanda kakanninsu suka fito daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal. A cikinsu akwai jinin Hausawa, da Fulani, da Barebari, da Larabawan Salamat. An daɗe da sanin mutanenmu da aikin gadin ƙofofin masallacin.

Ina wucewa wani dattijo a kan kujera ya kira ni da Larabci, daga ina? Na ce Najeriya, Kano. Ya yi shiru, sai ya ce, "Sannu." Ya ƙara da "Ina kwana." Iyakar abin da ya rage masa ke nan daga bakin mahaifinsa. Ya ja ni ciki aka kawo shayi. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, an ɗora wani kan wani. Su Falasɗinawa ne cikakku, da yawansu sun yi zaman kurkuku. Ya kuma gaya mini ba su tsira daga baƙar magana kan launin fata ba, har daga wasu maƙwabta. Ya ce in faɗa masa yadda ake kiran jika da Hausa, ya yi ta maimaitawa yana nuna wata yarinya da ke wasa a tsakar gida.

Jikan Maiwurno: Allahu Akbar. Jikina ya yi sanyi. Mu ma nan yaranmu Hausar tana zamewa.

Hajiya ta Kumasi: Haka zango yake ko'ina, ɗana. Allah ya ji ƙan magabata.

Ɗalibin Azhar: Yaya Ɗan Gwale, mu da ke Alƙahira fa? An ce ana bi ta Taba.

Ɗan Gwale: Ana bi. Daga Taba ka tsallaka da ƙafa zuwa Eilat, sannan bas ta bi da kai gefen Tekun Gishiri, awa huɗu zuwa biyar. Amma ka lura da abu ɗaya. Isra'ila ta daina buga hatimi a fasfo, takarda take bayarwa, sai dai hatimin fita na Masar da ke cewa Taba ya isa ya nuna inda ka nufa. Haka na Jodan a iyakar Wadi Araba kusa da Aƙaba, ko a Gadar Shaihu Husaini ta arewa. A Gadar Sarki Husaini ne kawai Jodan ba ta saba buga wa fasfo komai ba. Mu kuma masu fasfon Najeriya bizar kanta tana manne a ciki, ba ta ɓoyuwa. Ƙasashe irin su Lebanon da Iran ba sa barin mai wannan alamar ya shiga. Sannan Jodan ba ta ba da biza a Gadar Sarki Husaini, dole ka zo da ita a hannu. Ranar Juma'a da Asabar gadar da wuri ake rufe ta. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar bas ɗin Isra'ila ba sa aiki, amma bas ɗin Larabawa da ke tashar Babul Amud suna zuwa Baitalami da Ramalla. Kuɗin fita a dawowa ya ninka na Jodan sau da yawa, ka ware shi tun farko da shekel.

Direban Maraɗi: Ni shekara ashirin ina tsallaka Jibiya da Ɗan Isa. Iyaka duk halinta ɗaya, kada ka yi ƙarya, kada ka yi fushi, kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba. Amma 'yan uwana na Nijar su sani, ƙasarmu ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila tun 2002, ba kamar Najeriya da ta maido a 1992 ba. Kada wani ɗan kamasho ya karɓe muku kuɗi da alkawarin biza.

Malam na Damagaram: Kuma duk wannan bayanin na kafin Oktoban 2023 ne. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke, ana rufe gadar ba sanarwa, ana taƙaita masu shiga masallaci. Kada wani ya ɗauki jaka gobe saboda labarin 2022. Ga wanda bai samu zuwa ba, akwai ruwayar Maimuna a Abu Dawud, cewa ya aika da man da za a kunna fitilunsa. Malaman hadisi sun yi magana kan ingancinta, amma taimakon mutanen wurin ba ya buƙatar dogon bincike.

Abba Sabon Gari: Wannan na yarda da shi, Allah gafarta Malam. Ni dai ba zan je ba sai ranar da ɗan Gaza zai iya zuwa. Amma Yaya, ban san da mutanenmu a bakin ƙofar ba. Ban taɓa ji ba.

Maman Rifkatu: Ni ma na wuce ta kusa da wajen, ba wanda ya nuna mana. Idan Allah ya sa na koma, ba zan bi tutar kowa ba, zan nemi mai shagon nan.

Jikan Maiwurno: Ɗan Gwale, dattijon ya faɗa maka garin da mahaifinsa ya fito?

Ɗan Gwale: Na tambaye shi. Ya ce abin da ya riƙe kawai shi ne gari ne mai ganuwa da rijiyoyin rini, kuma mahaifin ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya isa Makka. Na ce masa zai iya zama Kano, zai iya zama Zariya ko Katsina. Ya ce in na koma gida in ɗauko masa hoton marina. Na je Ƙofar Mata na ɗauka a hutun da ya biyo baya, na tura wa jikansa. Tun da aka fara yaƙin ban sake samun amsa daga lambar ba.